Kwana 17 da barin sigari, gabana sai faɗuwa yake. In koma ne?

Tela_Fagge:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara, tura ta kai bango.

Ni tela ne, shagona yana Fagge, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na fara shan sigari ina ɗan shekara 19, ina yaron shago, a irin kwanan da ake yi a kan keke lokacin ɗinkin sallah. Da farko guntun da manya suka rage nake zuƙa ina tari, a ƙarshe sai da na kai kwali guda a rana. In azumi ya raba tsakiya aiki ya taso kuwa, daga shan ruwa zuwa sahur ban ma san adadi ba.

Yau kwanana 17 rabona da ita. Ba likita ne ya hana ni ba. 'Yata ce ta biyu, mai shekara 7, ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai 'yan ajinsu sun ce hijabinta warin taba yake. Ni na ɗinka mata hijabin da hannuna, kwana biyu ya yi a rataye a shago. Na karɓa na shinshina, wallahi ban ji komai ba, hancina ya riga ya mutu. Uwarta ba ta ce min kanzil ba, ta dai karɓa ta jiƙa a bokiti. Washegari na jefa ragowar kwalin a kwata.

Kwana ukun farko na sha wuya, amma irin wuyar da na yi tsammani ce: ciwon kai, faɗa da yaran shago a kan abin da bai kai ya kawo ba, barci rabi da rabi. Abin da ban yi tsammani ba sai ranar kwana na 9 ya zo. Na hau A Daidaita Sahu zan kai wa wani Alhaji ɗinkinsa a Zoo Road, cunkoso ya riƙe mu wajen Ƙofar Nassarawa. Ba wanda ya yi min magana, ba wani labari da na ji. Haka kawai gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta kama dukan uku-uku har ina jin ta a kunnena. Zufa ta keto min, yatsuna suka ɗauki wani zir-zir kamar ana tsira min allurai, leɓɓana suka yi nauyi. In na ja numfashi sai ya tsaya a maƙogwaro ya ƙi sauka. Na fara kalmar shahada, don a raina na gama yankewa tafiyar ce ta zo. Na ce direban ya sauke ni, ko canji ban tsaya karɓa ba, na zauna a bakin kwalbati da ledar kayan mutane a cinya. Wani yaro mai tallan fiya wata ya fasa guda biyu ya zuba min a ka. Sai da aka yi wajen minti 15 abin ya sake ni, ya bar ni laƙwas kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa.

Tun daga ranar ya dawo sau uku. Sau biyu cikin dare wajen ƙarfe 2, in farka firgigit. Sau ɗaya a masallacin Juma'a, ina tsakiyar sahu liman yana huɗuba, ba hanyar fita sai na tsallaka wuyan mutane. Yanzu a bakin ƙofa nake tsayawa, kusa da takalma. A Daidaita ma in na san hanyar da cunkoso sai in fasa, in tura yaro.

Na je wani asibitin kuɗi a unguwarmu. An auna jinina ya ɗan hau, aka ce in zauna, aka sake aunawa ya sauko. An manna min wayoyi a ƙirji an yi gwajin zuciya, an ɗebi jini, ba maleriya ba taifot. Likitan ya ce zuciyata lafiya lau, damuwa ce, in rage tunani. To ni ban san wane tunanin zan rage ba, abin ba ya sallama kafin ya shigo.

Hajiyarmu ta ce iska ce, ko kuma hannu aka sa min saboda shagon ya fara ci gaba, ta aiko da rubutu da wani turaren hayaƙi. Abokina da muke majalisa ɗaya ya ce ganganci na yi, jikin da ya shekara 22 da abu ba a yanke masa rana ɗaya, in koma kara biyu a rana. Mai kemis ɗin layinmu ya ce akwai 'yar ƙwayar da zai ba ni in yi barci kamar jariri. Ban karɓa ba tukuna.

Iya ƙoƙarina ina yi. Duk sanda bakina ya nemi sigari sai in ɓantari goro, ina cin huɗu ko biyar a rana. Safe da yamma ina zuwa wajen mai shayi a haɗa min Nescafé mai kauri saboda kasala, in aiki ya kai ni dare kuma in sha lemon ƙara kuzari guda.

Barin sigarin ne ya jawo min wannan, ko wata cuta ce daban da sigarin yake rufewa? Akwai wanda ya taɓa shiga irinsa ya fita? Jiya har gaban mai tebur na je na tsaya, na sayi ashana kawai na dawo.

Baba Direba, Naibawa:

Wa alaikumus salam. Malam tela, sannu. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi maka abin da ni sai da na haura hamsin kafin in samu.

Ni tsohon direban tirela ne, Kano zuwa Legas na yi shekara da shekaru. Sau uku ina barin taba, biyun farko duk kara ɗaya ce ta mayar da ni. A na biyun har wata huɗu na yi, muka tsaya a Mokwa cikin dare, wani ya miƙo min ya ce ɗaya ba ta komai. Kafin mu shiga Ilori na sayi kwali. Saboda haka abokinka mai cewa kara biyu, ka gaishe shi da kyau. Shi kara biyun yake sha?

Faɗuwar gaban nan na san ta. Ni a cikin mota take kama ni, in ji kan motar ya matse ni, in faka in sauka in yi ta zagaya tayoyi ina bubbuga su kamar mai duba iska, don kada yaron mota ya gane. Ta yi min wata guda da 'yan kwanaki tana zuwa tana ja da baya, daga nan ta ɗauke. Yau shekara 14.

Kwaɗayin taba kamar almajiri ne a ƙofar gida. Zai yi bara, ya ƙara, ya ƙara, in bai ji motsin kwano ba sai ya wuce gaba, mintoci kaɗan ne. In ka ba shi sau ɗaya kuwa, gobe da abokansa zai dawo. Ai kai ma shaida ne, kana kai azumi tun asuba har magariba ba ka sha ba, kuma ba ka mutu ba.

Sannan ka lura da abin da tabar take ba ka ban da hayaƙi. Sau ashirin a rana ita ke sa ka ɗaga ƙafa daga kan keke, ka jingina, ka ja dogon numfashi. Da ka bar ta sai ka bar hutun tare da ita. Ka ci gaba da tashi a waɗannan lokutan, ka fita da asuwaki a baki, ka taka zuwa bakin titi ka dawo. Majalisar kuma ka ba ta hutun wata biyu, ba gaba ba ce. Ni sai da na canza har wajen da nake cin tuwo a hanya.

Maman Hanif:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba likita ba, kuma ban gan ka ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin ƙarin haske.

Malam, da na zo wajen goro da Nescafé sai da na ajiye wayar na ce to ga ɓarawon nan. Goro, kofi, shayi da lemon ƙara kuzari duk sinadari ɗaya suka haɗa, kafeyin, mai hana barci ya sa zuciya gudu. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da shi da sauri. In mutum ya daina sha, cikin 'yan kwanaki hantar take komawa tafiyarta ta asali, sai kofin da ka saba sha ya daɗe a jini ya yi maka aikin kusan biyu. Shi ya sa ake ce wa mai barin taba ya rage kofi da rabi. Kai kuwa ƙarawa ka yi, ka ɗora goro biyar a kai. Ko wanda bai taɓa shan sigari ba aka ɗura wa wannan, sai hannunsa ya yi rawa. Kada ka yanke rana ɗaya, zai sa maka ciwon kai mai tsanani. Fara da ajiye lemon dare, Nescafé ya koma sau ɗaya da safe, goro ɗaya ka raba shi ya kai ka la'asar, bayan la'asar babu. In bakin yana son abin taunawa, ga aya, ga gyaɗa, ga kanumfari.

Shi kansa barin sigarin yana kawo fargaba, wannan sananne ne. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan da zuƙa, kuma cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini. Wato mai shan kwali a rana yini yake cikin 'yar ƙishirwa, kowace kara tana kashe ƙishirwar da wadda aka sha kafin ita ta bari, shi kuma yana cewa taba tana kwantar masa da hankali. In aka daina, abin ya fi tsanani daga kwana ukun farko zuwa mako guda, yawanci ya lafa tsakanin mako 2 zuwa 4, wasu ya ɗan zarce musu. Kana kwana 17, ka ci ƙarfin tafiyar. Bincike ma ya nuna waɗanda suka daure suka wuce makonnin nan, fargabarsu takan koma ƙasa da yadda take lokacin da suke sha.

Abin da ya same ka a Ƙofar Nassarawa mun san shi a asibiti, farmakin firgici ne. Jiki ne ke shirin gudun ceton rai kamar ya ga kura, alhali ba kurar. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka da kansa. Zir-zir ɗin yatsu da nauyin leɓe daga saurin numfashi suke, yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima. Kana jin kamar iska ba ta isar ka, alhali yawa ta yi. Don haka ka daina haƙilon ja. Shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ciki ya taso ba ƙirji ba, ka fitar ta baki kana ƙirga shida, kamar mai hura koko da zafi. Ka riƙa yi kana lafiya, minti biyu bayan kowace salla, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne bakin ƙofar masallacin nan da tura yaro. Duk wurin da ka guje wa, tsoronsa ƙaruwa yake. Na ga wanda ya fara da gudun A Daidaita ya ƙare ko kasuwa ba ya iya shiga. Ka koma a hankali: gajeriyar tafiya, ka zauna a gefe, gobe ka ƙara.

Ƙwayar mai kemis kada ka karɓa. Irin waɗannan, dangin diazepam, suna kama mutum cikin 'yan makonni, kuma barinsu ya fi barin sigari haɗari. Mu a Kano ba sai an ba mu labarin abin da maganin kanti ya yi wa matasa ba, har sai da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. In kwaɗayin ya fi ƙarfinka, akwai cingam da filastar nikotin da wasu magunguna na musamman, likita ne zai duba wanda ya dace da kai.

Amma shekara 22 ana shan sigari ba wasa ba ne, kada komai ya zama "ai firgicin ne". In ciwon ƙirji ya zo kamar an ɗora maka dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, musamman kana tafiya ko hawa bene, ko ka suma, ko ɓarin jikinka ɗaya ya yi nauyi, ko ka yi tarin jini, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. In ka koma, ka roƙa a duba maka sukari, da yawan jini, da sinadarin maƙoshi wanda ke kawo maƙoƙo. In kana shan maganin asma ko na ƙwaƙwalwa ko kana allurar sukari, ka gaya wa likita ka bar taba, don wasu sai an sake musu awo. In an shiga wata na biyu abin bai ragu ba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. In kuwa ka ji duniyar ta fita daga ranka, wannan ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Na san sunan Dawanau kaɗai yana sa mutanenmu tsuke fuska, amma da yawa da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma bakin sana'arsu.

Abu Sumayya:

Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara lafiya, Ya ba ka ladan wannan jihadi. Kada ka yi jayayya da Hajiya, uwa ce, hankalinta ne ya tashi. Ka karɓi saƙonta ka yi mata godiya. Ka riƙe azkar na safe da yamma da na kwanciya. In ka farka ƙarfe biyun nan, maimakon ka kwanta kana sauraron zuciyarka, tashi ka yi alwala ka yi raka'a biyu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Inda zan ja kunnenka shi ne masu cewa an jefe ka, kawo kaza kawo kaza a karya. Duk wanda ya fara nuna maka maƙwabcin shagonka, tashi ka bar masa wajen. Turaren kuma, huhun da ke neman hutawa da hayaƙi, a bar shi ya huta.

Ɗan Kwari:

Yaya, ni ne misalin abin da abokinka yake ce ka yi. Bara na bari, ranar kwana na 20 irin wannan abin ya kama ni a cikin kasuwar Kwari, layi ya cushe, 'yan dako na ta "a ba da hanya", na ji kamar rufin zai faɗo min. Na kutsa na fita na samu mai tebur na sayi kara ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji sauƙi, na minti goma. Bayan sati biyu na koma kwalina cif, faɗuwar gaban kuma ba ta tafi ba. Yanzu ga sigari ga firgici, in na zuƙa da yawa a jere ma zuciyar ta fi bugawa. Na gwada shisha wai ta fi sauƙi, ashe duk kanwar ja ce.

Abin da ke karya mu, samun ta ba wuya. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara sai dai kwali, amma daga ƙofar shagonmu zuwa titi masu tebur uku ne, kowa zai ba ka ɗaya har ya kunna maka. Ka canza hanyar da kake bi zuwa gida. Ashanar nan ma da ka saya, ba wa matarka ta kai kicin.

Maman Hanif, maganar goro da kofi ban taɓa ji ba sai yau. Ni lokacin lemon kuzari uku nake sha a rana. In sha Allahu bayan sallah zan sake gwadawa.

Tela_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bari ne sai na gwada kafin in dawo. Yau kwana 25.

Lemon dare na daina tun ranar. Nescafé sau ɗaya, mai shayin har ya tambaye ni ko wani ne ya ƙwace masa ni. Goro ɗaya nake rabawa huɗu in sa a aljihun gaba. Kwana biyun farko kaina kamar zai tsage, na yi ta hamma a kan keke har na karya allura biyu. Amma daren Laraba na yi barci tun bayan isha'i har kiran assalatu, rabona da haka tun kafin in bari.

Abin ya zo sau ɗaya, ranar Litinin, ina tsakiyar yanka shaddar wani ango. Na ajiye almakashi don kada in yi wa mutane ɓarna, na zauna a benci ina kallon agogon bango ina hura kokon Maman Hanif. Ban ce da daɗi ba, zufa ta jiƙa min riga, kuma can cikin raina wani abu yana ta cewa wannan karon da gaske ne. Minti 11 ya ɗauka. Yaron shagona ya zaci wuridi nake, ya rage rediyo. Na tashi na ƙarasa yankan.

Juma'a ban iya shiga tsakiya ba, amma na bar wajen takalma, na shiga sahu na uku daga baya, jikin bango. Rubutun Hajiya na sha, turaren na ce mata an hana ni hayaƙi kowane iri, ta ce ai shi ke nan. Gwajin sukari da na maƙoshi ranar Alhamis zan je.

Sabuwar matsala kuma, ci kamar gara, tuwon dare sai an ƙara min, ga cikina ya ɗaure kwana uku. Sai abin da ke ba ni tsoro da gaske: azumi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma tun ina yaron shago ban taɓa kwanan ɗinkin sallah ba sigari ba kofi ba. Baba, ku da kuke tuƙin dare, da me kuka riƙe ido bayan kun bari?

Baba Direba, Naibawa:

Cikin ka sha ruwa sosai, a kwaɗa maka zogale, ka ci gwanda, zai saki. Idon kuwa ba abin da na riƙe shi da shi, in barci ya zo fakawa nake in shimfiɗa tabarma a gindin mota in yi awa biyu. Kai ma bana ka karɓi ɗinkin da za ka iya gamawa kafin sha biyun dare, ka rufe karɓa tun goma ga azumi. Dama ku teloli rabin abin da kuke karɓa sai bayan hawan Nassarawa ake samu.

Ɗan Kwari, kai kuma bayan wace sallar, ƙarama ko babba?